Leɓen Jikana

Wata baiwar Allah daga cikinku ta rubuto a ƙasan labarin nan cewa ni tsoho ne marar imani, wai in ina magana kamar ana yanka mutum da reza. Na gode, 'yata. Gaggawa kawai kika yi. Da kin jira wannan kashin, da kin sami hujjar da ta fi wadda kike riƙe da ita.

Ga sababbin zuwa: ni tsohon malamin kwalejin horar da malamai ne. Shekara talatin na yi ina koyar da yadda ɗan Adam yake girma, tun daga ranar da aka ɗauki cikinsa har ranar da ya iya yi wa iyayensa ƙarya. Matata ta rasu wata huɗu da suka wuce. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, shi ya sa tun tana rarrafe kowa Tilo yake ce mata. Mijinta kuwa tsohon ɗalibina ne, ni na raɗa masa Haziƙi a aji, don shi kaɗai ne ke ɗaga hannu tun kafin in gama tambaya. Da gatse na faɗa. Shi ya ɗauka lambar yabo ce, har yau da ita yake amsawa.

Kada wani ya ce dole aka yi wa Tilo. Ita ta gani, ita ta ce shi. Yaron yakan zo gidana aron littattafai, rigarsa a goge, biro uku a aljihu, baƙi da shuɗi da ja. In ya dawo da littafi sai ka ga ya yi masa bango da leda. Ni ina ta murna na sami magaji. Matata ce ta leƙo daga kicin wata rana ta ce, "Malam, littafin nan sau huɗu ke nan yana aron sa."

"Yana da zurfi ne," na ce.

"Uhm. Ni ma na ga zurfin. Yanzu ta wuce da tiren shayi."

Saƙonnin soyayyarsa ma da lamba suke zuwa. Tilo takan kwanta a cinyar uwarta tana karanto mata, su yi ta dariya har hawaye: "Na ɗaya, na yi kewarki. Na biyu, kin ci abinci? Na uku, duba na ɗaya." Ta so shi a haka. Har gobe tana son sa, kuma wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai a duk labarin nan. Yanzu a ofishin shirya jarrabawa yake aiki. Shi ke tsara tambayoyin nan da ake cewa zaɓi ɗaya. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani.

Shekara ɗaya da aurensu ciwon matata ya tashi. Da likitoci suka ce a mai da ita gida, kun san abin da hakan ke nufi. Tilo ta haɗo 'yar jakarta ta dawo. Wajen wata biyu ta yi a ɗakin uwarta, a kan tabarma gefen gado. Ita ce wanki, ita ce juya ta, ita ce ɗura mata ruwa da cokali. Abinci sai na yi da gaske take kai loma biyu. Ta yi zazzaɓi, ta haɗiyi ƙwayar ciwon kai ta miƙe. In ta yi amai da safe sai ta ce warin magungunan ɗakin ne. Ni da na shekara talatin ina zana alamomin ƙaramin ciki a allo, na ce mata ta riƙa buɗe taga.

Sai bayan an yi jana'iza da mako biyu ta faɗi a bakin famfo, aka kai ta asibiti, aka ce ciki ne, har ya kusa wata uku.

Mun yi murna irin ta mutanen da ba su da wani abin murna. Haziƙi ya turo mini saƙo mai lamba biyar. Uwarsa, Hajiya Mai Labule, wadda ke da shagon labulaye a bakin babban titi, ta zo da kanta ta auna tagar ɗakin jariri.

A wata na biyar suka je hoton ciki. Ina zaune ina goge tabarau saƙon Tilo ya shigo. Hoto ne baƙi da toka-toka, irin wanda na nuna wa ɗalibai sau ɗari. Ga goshi, ga ɗan hanci. A ƙarƙashin hancin, ta hagu, ga wani siririn duhu inda bai kamata a ga duhu ba. A ƙasa ta rubuta: "Namiji ne. Sun ce leɓensa na sama a tsage yake. Baba kana gida?"

Bari in sa rigar malanta na minti ɗaya, don ku fahimci abin da ya biyo baya. Fuskar mutum ba a dunƙule take farawa ba. A makonnin farko, lokacin da ɗan tayi bai wuce ƙwayar wake ba, fuskar gunduwa-gunduwa take, ɓangarorin suna tahowa daga gefe da sama, su haɗu a tsakiya su manne. Wannan ɗan kwarin da ke tsakanin hancinku da leɓenku, ku taɓa shi, a nan aka rufe ɗinkin. Wajen mako na shida zuwa na bakwai ake gamawa, sau da yawa kafin uwar ma ta san tana ɗauke da kowa. Wani lokaci ɗinkin ba ya kaiwa ƙarshe. Me ya sa? Akwai gado a ciki, akwai abin da ya sami uwa a lokacin, akwai kuma kaso mai yawa da babu wanda ya sani. Ana yin aiki a ɗinke shi bayan haihuwa da 'yan watanni, yaro ya tashi da ɗan tabo, ya ci, ya sha, ya yi surutu har ya ishi mutane.

Duk wannan na faɗa wa Tilo a waya. Ta ce, "To Baba." Ba ta yi kuka ba.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne wannan. Ranar da aka haife ta, da unguwarzoma ta ɗago ta, uwarta ba ta tambayi mace ce ko namiji ba. Cewa ta yi, "Ku duba mini bakin." Ƙaninta da ke bi mata da tsagaggen leɓe aka haife shi, har cikin dasashi, ya kasa kama nono, bai yi wata huɗu a duniya ba. Akwai kuma wani baffansu da ya rayu da nasa a ɓoye cikin gashin baki. Danginta nesa suke, kuma ba sa tada maganar. Ni ma sai da cikin da ta haifi Tilo da shi ya tsufa ta gaya mini, tana kallon bango. A duniya yanzu mu biyu na san mun sani: ni da yayar matata, wata tsohuwa da in ka ba ta ajiyar magana da safe, kafin azahar ta raba wa unguwa kowa da kasonsa.

Haziƙi ya yi makonni bai ce mini komai ba. Daga baya na gane karatu yake yi. Ran wata Asabar da hantsi na ji sallamarsa. Ya cire takalmi ya jera su daidai da juna, ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini ya ƙarin haƙuri. Sannan ya zaro wayarsa.

"Malam, ka tuna wannan?"

Hoton jadawalin da ke manne a bangon ajina ne, mai nuna makonnin ciki da gaɓar da ake ginawa a kowanne: zuciya, ido, kunne, hannu, leɓe. Tun yana ɗalibi ya ɗauka. Ya zagaye mako na shida da jan layi.

"Na lissafa baya daga abin da mai hoton ya faɗa," ya ce. "Wannan makon, a nan gidan take."

"Tana jinyar uwarta."

"Haka ne, Allah ya ji ƙanta. Ba ta cin abinci. Ba ta barci. Ba ta shan ƙwayoyin da ake ba masu ciki. Ta yi zazzaɓi, ta sha magani ba likita."

"Ba ta san tana da ciki ba, Haziƙi."

"Mace mai aure ya kamata ta yi tsammani, Malam. Kai ka koya mana." Ya gyara zama. "Ni ba faɗa na zo yi ba. Tambaya ɗaya ce. Abin nan, gado ne ko sakaci?"

"Na koya maka cewa su biyun a cakuɗe suke, kuma sau da yawa ba a sanin dalili."

Ya yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa tsohon da ya fara rikicewa. "Wannan a rubutun dogon bayani ne, Malam. A rayuwa dole mutum ya zaɓi ɗaya. Tambayar da ke da amsa biyu, a ofishinmu jefar da ita muke yi."

"To in sakaci ne fa?"

"Sai in yafe mata. Ɗan Adam ne, yana kuskure. A ciki na gaba sai a kiyaye."

"In gado ne?"

Ya dubi takalmansa da ke bakin ƙofa. "Hajiya ta bincika namu ɓangaren har kaka na huɗu, babu. In daga nan ne, ka ga ke nan kowane ciki sai mun zauna cikin zullumi. Ni kaɗai ne namiji a gidanmu, Malam. In ta sauka lafiya, sai a rabu cikin mutunci. Zan kula da yaron."

Cikin mutunci. Na dubi yaron nan da na ba maki mafi yawa a tarihin ajina, na ji da ma ranar da ya fara ɗaga hannu na ce ya fita ya share fili.

"Hajiya na son a zauna ranar Asabar mai zuwa," ya ce yana miƙewa. "Ta ce kai masani ne, kuma kai ne uban yarinya. Abin da ka faɗa shi za a ɗauka."

Kwana biyu na yi ina zagaya falona. A rana ta uku na shirya da la'asar na tafi gidan Tilo, na san shi yana ofis. Niyyata ɗaya: in sauke mata dutsen da aka ɗora mata. Ko auren zai mutu, ya mutu, amma ba za ta rayu tana ganin ita ta tsaga bakin ɗanta ba.

A kicin na same ta tana yanka albasa, cikin doguwar rigar uwarta mai ruwan ƙasa, wadda ta ɗauko daga gida don nata sun matse ta. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗin ya yi musu shaida. A jikin firji ga takarda an manna da rubutun Haziƙi, kala uku: abin da za ta ci da safe, da rana, da yamma, da gurbin da za ta sa alama in ta ci.

"Har da jarrabawa ake yi?" na ce.

"Jiya na ci tara cikin goma," ta ce. "Na manta lemo. Zauna Baba, ga kujera."

Na zauna. Na fara da nisa, kamar yadda na saba, ina maganar ƙwayoyin halitta da yadda abu kan tsallake mutum biyu ya faɗa kan na uku. Ba ta ɗago ba. Da na zo kan sunan kawunta da ba ta taɓa gani ba, sai ta ajiye wuƙar.

"Wanda ya kasa kama nono," ta ce.

Na cire tabarau na dube ta.

"Da baffansu mai gashin baki. Mama ta gaya mini, Baba. Ana saura kwana kaɗan ta rasu. Ta riƙe hannuna ta ce in na tashi haihuwa kada in tsorata, ana ɗinkewa yanzu."

"Kin sani? Tun ranar hoton kin sani, kika bar yaron nan yana..."

"Na sani."

"To me kike jira? Ki gaya masa! Ki gaya wa uwarsa ta je ta auna wata tagar!"

"In gaya masa, sai me?" Ta juyo gaba ɗaya, idanunta jawur, ban sani ba ko albasa ce. "Sai in haɗo jakata in dawo ɗakin da Mama ta mutu in yi jego a ciki? Yaron nan zai fito kowa na kallon bakinsa kafin a kalli idonsa. 'Yan barka za su leƙa su ce Allah ya raya, su fita su yi gulma a bakin ƙofa. Ina so in an leƙa a ga ubansa tsaye a gefen gadon. Shi ke nan abin da nake so."

"Da ƙarya za ki saye shi?"

"Da abin da nake da shi."

"Tilo, mutumin da zai..."

"Baba, kada ka zage shi a gidansa." Ta goge hannu a jikin rigar. "Ba mugu ba ne. Tsoro yake ji. In ya ji tsoro sai ya nemi amsa ɗaya ya riƙe. Da dare in ya ɗauka na yi barci, yakan sa hannu a cikina ya yi ta ba yaron haƙuri. In ya gan shi, in ya ɗauke shi, zai canza. Lokaci kawai nake nema."

"In bai canza ba fa?"

"To na gwada." Ta ɗauki wuƙar. "Kai ka koyar da shi, Baba, kuma ka koyar da shi da kyau. Maganar kowa ba ya ji sai taka. Ran Asabar ka ce ni ce."

Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Wata biyu na yi ina wanke matarka ban ce ba zan iya ba." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ci gaba da yanka albasarta, ƙanana-ƙanana, yadda uwarta ke yi.

Ran Asabar muka hallara. Falon Hajiya Mai Labule labule uku ne a kowace taga: mai raga, mai sheƙi, da mai nauyi ruwan zinariya da igiyoyi masu tuntu. Rana tsaka amma sai an kunna fitila. Kujerun har yanzu da ledarsu, in ka motsa sai su yi ƙara kamar suna kai ƙararka. Hajiya na kan babbar, cikin leshi ruwan hoda, zobe a yatsu huɗu. Haziƙi na gefenta da wayarsa a cinya. Tilo na ƙasa a kan kafet, ta jingina da bango, ta rufe cikin da mayafi.

Aka yi gaisuwa, aka yi wa marigayiya addu'a. Hajiya ta turo mini kofin lemo.

"Malam, mu dai ba 'yan boko ba ne," ta ce. "Amma gidanmu, wallahi ko mai yatsa shida ba a taɓa haifa mana ba. Kakata ta shekara casa'in da haƙoranta talatin da biyu. Ka ga bakin yaron nan," ta kamo haɓar ɗanta ta juyo mini da ita kamar tana tallan yadi, "kamar an zana."

"Hajiya, don Allah," ya ce.

"To ƙarya na yi? Ni ina son Tilo, Allah ya sani. Yarinya ce mai ladabi. Amma ka gaya mana tsakaninka da Allah, kai da ka karanta abin. A jininku yake, ko garin jinya ta yi wa jikana haka?"

Na dubi Tilo. Ba ta dube ni ba. Bakin mayafinta take naɗewa a yatsa tana warwarewa.

"Babu likitan da zai iya rantsewa a kan dalili ɗaya," na ce.

"Malam," in ji Haziƙi a hankali. "A ko B."

Masu karatu, da a ce na yi in'ina, da a ce muryata ta yi rawa, da yau ina da abin da zan kare kaina da shi a gabanku. Ba ta yi ba. Na gyara tabarau, na ajiye kofin, muryar aji ta zo da kanta. Na ce a iya sanina babu wannan a dangina ko na marigayiya. Na ɗauko musu daga farko: yadda ƙwaya ɗaya ke rabuwa biyu, biyu ta zama huɗu, yadda take tafiya ta maƙale a mahaifa. Na kai su makonnin da ake gina gaɓoɓi, na haɗa tafukana biyu a hankali na nuna musu yadda leɓe ke rufewa, na bar 'yar ƙofa tsakanin manyan yatsuna. Na ce a wannan lokacin ɗan tayi ba shi da abinci sai abin da uwa ta ci, ba shi da hutu sai wanda ta yi. Na jero yunwa, na jero zazzaɓi, na jero ƙwayar da aka sha ba a tambayi kowa ba. Kowace kalma a cikin littafi take. Jerin ne kawai nawa.

Ban taɓa yin darasi mai kyau kamar wannan ba. Hajiya har da hawaye. Haziƙi yana gyaɗa kai, leɓensa na motsi, yana ƙarasa mini jimloli kamar da.

"Ke nan B," ya ce.

"B," na ce.

Hajiya ta fyace hanci. "Kin ji dai da bakin mahaifinki. Ba mu muka faɗa ba."

Tilo ta dafa bango ta taso. Da cikin nan nata ta rarrafo tsakiyar kafet, ta durƙusa a gaban mijinta da uwarsa. Sai da ta buɗa gwiwoyi kafin cikin ya sami wuri.

"Na yi kuskure," ta ce. "Ku yafe mini."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," in ji Hajiya. "Uwa ai uwa ce, amma wadda za ta tafi za ta tafi, ko kin kwana a kanta ko ba ki kwana ba. Ga shi kin tashi ba uwar, kin kuma ɓata ɗan. Sai a kiyaye gaba."

Na sake ɗaukar kofin lemon nan na riƙe da hannu biyu don kada ya tashi da kansa.

Haziƙi ya ce ya yafe, har ga Allah. Muryarsa ta karye da ya faɗa, na kuma ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa buhu. Sannan ya dawo daidai. Ya ce akwai sharuɗɗa guda biyu kacal. Na ɗaya, za ta bi jadawalin abinci ba tsallake. Na biyu, ba za ta sake zuwa gidana ba sai bayan ta haihu, ni ma in ɗan dakata da zuwa, don ganina yana tuna mata da rasuwar, damuwa kuwa tana taɓa jariri.

"Kai ka koya mana, Malam," ya ce.

"Ni na koya muku," na ce.

Ita aka ce ta raka ni bakin ƙofa. Muka bi ta tsakar gidan, ta gefen motar Hajiya da aka lulluɓe da ragowar yadin labule. Tana gaba, ina biye da ita. A bakin get ta tsaya, ta kama ƙarfen da hannu ɗaya, ɗayan ta dafe gefen cikinta, ta ɗan cije leɓe.

"Lafiya?"

"Shi ne. Tunda ka fara bayani yake ta motsi, bai tsaya ba sai da ka yi shiru." Ta yi ɗan murmushi, na farko a ranar. "Ina jin ya ji muryar kakansa."

Ta ce, "Na gode, Baba." Ta tura ƙofar ta rufe, na ji ta sa sakata.

Cikin nata wata shida ne da 'yan kwanaki. A daidai wannan lokacin kunne ya gama haɗuwa, ɗan tayi yana jin bugun zuciyar uwarsa, yana jin muryoyin da ke kusa, kamar yadda mutum ke ji in ya nutsa kai a ruwa. Ina da darasi guda a kan wannan, ɗalibai mata sun fi son sa. Yaron nan ba zai sake jin muryata ba sai ya fito. Abin da ya ji daga bakina ke nan, kuma uwarsa na durƙushe aka rufe darasin.

Littattafai sun ce ba ya gane kalmomi, sautin kawai yake ɗauka. Shekara talatin ina faɗin haka ban taɓa damuwa da ko gaskiya ne ba. Da na dawo gida ko hula ban cire ba, na sauko da su daga kanta ɗaya bayan ɗaya, har da wanda Haziƙi ya yi wa bango da leda, ina duba ko duk sun yarda da juna.

Ina cikin haka wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Na ɗaya, na gode Malam, yau na sami natsuwa. Na biyu, Tilo ta ci abincin yamma duka. Na uku, a ofishinmu ba a rufe amsa sai mutum biyu sun duba. Ka ce a iya saninka. Don a cika ƙa'ida kawai, ka turo mini lambar yayar marigayiya, in gaishe ta."

Na buɗe saƙon kafin in yi tunani. Alamar ta riga ta nuna masa na karanta. Ga shi can a sama, an rubuta yana kan layi, yana jira.